Ayarin masu girbin haya: gajiyar da ba ta shiga lissafin alkamar Amurka

Alkamar tsakiyar Amurka ba ta nuna lokaci guda. Tana fara kai wa girbi a arewacin jihar Texas a ƙarshen watan Mayu, ta bi ta Oklahoma da Kansas a Yuni, ta isa Nebraska da Colorado a Yuli, sai a Agusta ta nuna a jihohin Dakota da Montana, har zuwa iyakar Kanada. Wannan jinkiri ne ya haifar da sana'ar masu girbin haya: mutum ya sayi injunan girbi da tirololi, ya ɗauki ma'aikata, su riƙa bin amfanin gona arewa suna yanke wa manoma a kan kuɗi. Ci-rani ne, sai dai jarinsa miliyoyin daloli.

Sana'ar ta kafu sosai a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙarfe da ma'aikata suka yi ƙaranci. Kamfanin Massey-Harris ya sami izinin ƙera injuna 500 masu tuƙa kansu, bisa sharaɗin duk wanda ya saya zai yi wa wasu girbi. Hikimar tana nan har yau. Sabon injin da ke yanka, ya sussuke, ya sheƙe a tafiya guda yakan haura dala dubu ɗari biyar, kuma manomi ɗaya makonni kaɗan zai yi amfani da shi a shekara. A hannun ɗan haya kuwa, injin yana aiki wata shida, domin bayan alkama akwai masara da dawa da waken soya har Nuwamba.

Masu sha'awar noman Amurka sukan tsaya kan injin. Amma abin da manomin ke saya a zahiri shi ne sauri, domin ƙanƙarar minti goma ta isa ta kwantar da wahalar shekara. Saurin nan kuma daga jikin mutane ake tatsar sa.

Raɓa ce ke tsara yinin ayarin. Da safe ba a shiga gona sai ta bushe, domin rumbunan 'yan kasuwa suna rage farashi, ko su ƙi karɓa, idan danshin ƙwayar ya haura kimanin kashi 13 da rabi cikin ɗari. Sai a yi amfani da hantsi wajen zuba man dizal, sa giris, da hure ƙaiƙayin da ya taru a jikin injin, wanda in aka bar shi kusa da ƙarfe mai zafi, gobara ce. Da zarar an fara yanka, babu tsayawa. Tarakta na jan akwatin hatsi a gefen injin, ana juye masa alkama ana cikin tafiya, shi kuma ya kai wa tirelar da ke jira a bakin gona. Abinci a gonar ake kawo shi, sau da yawa matar madugun ce ke dafawa, a ci a tsaye. Ana ci gaba cikin hasken fitilu har sai sanyin dare ya sa kara ya yi taushi, wani lokaci bayan sha biyu. Daga nan kowa ya koma ɗakin kwana mai taya da ake ja daga gari zuwa gari.

Ranar da aka yi ruwa, ma'aikaci ya huta, madugu ya kasa barci. Ana biyansa ne bisa yawan ekar da ya yanka da hatsin da ya kai rumbu, bashin banki kuwa bai san hadari ba. Ga manomin gaba, can arewa, yana waya cewa tasa alkamar ta nuna.

Nan ne aibin tsarin yake. Dokar ƙwadagon tarayya ta 1938 ta cire ma'aikatan gona daga haƙƙin ƙarin albashi na sa'o'in da suka wuce ƙa'ida, don haka sa'a ta goma sha biyar ba ta fi ta farko tsada ga mai aiki ba. Abin da ba shi da tsada kuwa ba a tattalinsa. Masu kare tsarin suna cewa girbi ba ya jiran agogo, kuma gaskiyarsu ne. Amma gaggawar girbi hujja ce ta a ƙara hannu a riƙa karɓa-karɓa, ba ta a ɗora wanda ya yi barcin sa'a biyar a kan tirela mai nauyin tan talatin da wani abu ba.

Matasan Amurka da yawa sun riga sun ba da amsarsu ta hanyar ƙaurace wa aikin. Shi ya sa ayari da dama suka dogara da baƙi masu bizar aikin gona ta wucin gadi, H-2A, musamman daga Afirka ta Kudu, da kuma Ostareliya da Ailan. Bizar a ɗaure take da wanda ya ɗauko mutum, saboda haka wanda ya gaji ba ya iya sauya ubangida cikin sauƙi, balle ya ɗaga murya. Da annobar korona ta rufe ofisoshin biza a 2020, madugai sun shiga neman direbobi ido rufe, alkamar Texas kuwa tana ta nuna a kan lokacinta.