HAKKIN KASUWAR DARE A KAN HUKUMA

Duk matafiyin da ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato, dare ya riske shi a Talata Mafara, ya san akwai wata kasuwa a garin wadda ba ta ci sai rana ta faɗi. Ba ta da rumfunan kwano, ba ta da ƙofar shiga, ba ta kuma cikin jerin kasuwannin da a ke lissafawa a ofis. Da an sallame sallar magariba sai ka ga mahauta sun hura gawayi sun kafa tsire, mai shayi ya jera gwangwanayen madara a teburinsa, masu ƙosai da awara sun ɗora kasko, ga mai soyayyen kifi, ga mai waina, ga mai hoce, ga mai fura da nono ta tsuguna a gefe. Haka abin ya ke a Bakura da Maradun, sai dai kowane gari gwargwadon jama'arsa. Daren da ya fi kowane cika a Mafara kuwa shi ne daren da za a wayi gari Talata, gama kasuwar ranar ce ta ba garin sunansa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne mun lura ma'aikatan hukuma da yawa suna duban wannan kasuwa da ido biyu kaɗai. Ko dai su gan ta wurin yankan rasit, ko kuwa su gan ta matattarar fitina wadda ta kamata a watse da zarar an ji ƙishin-ƙishin. Mu kuwa a ganinmu kasuwar dare tukunyar talaka ce, kuma tana bin hukuma bashin abu huɗu: wuri, da ruwa, da haske, da tsaro. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Bari mu fara da masu ci. Direban da ya taso daga Funtuwa da kaya bai da murhu a Mafara. Ɗan dako da ɗan acaɓa da almajiri ba su da shi. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau wanda ya baro iyayensa a wani gari, da sabon malamin makaranta da aka yi wa canji bai kawo iyalinsa ba tukuna, da mai jinya a asibiti, duk abincin darensu yana bakin titi. Ko magidanci mai iyali ma, ranar da ya lissafa kuɗin itace da mai da gishiri ya ga sun fi ƙarfin aljihunsa, sai ya aiki yaro da kwano. Tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya hau, ya kuma ja kuɗin hatsi ya bi shi, har lissafin gwamnati da kanta ya nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar 2024. A irin wannan hali, mai sayar da abinci kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da ke hannun mutum, ta yi wa ƙasa aikin da babu ma'aikatar da ta yi.

Sa'an nan mu duba masu dafawa. Yawancin abin da a ke ci a kasuwar dare a cikin gida a ke haɗa shi, a hannun matan da ba su fita. Da ribar ƙosai da ɗanwake a ke zubin adashi, a ke sayen sabulu da littafin makaranta, a ke tara kwanukan auren 'ya'ya. Bayan matan kuma akwai manomi da masunci da makiyayi. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka fara ginawa a kan Gulbin Sakkwato a 1974 aka gama a 1978, ita ce ta mai da wannan yanki na Mafara da Bakura da Maradun wurin noman rani, inda a ke samun shinkafa da dankali da tumatir da albasa, a ke kuma kama kifi a tafkin. Ba a kuwa same ta da araha ba, gama dattawa ba su manta da jinin manoman da aka zubar a watan Afrilu 1980 a kan maganar diyyar gonaki ba. To, amfanin da a ke samu daga wannan ƙasa ba duka ne babbar mota ke kwashewa ba. Ragowar da ba ta jure tafiya, a kaskon mai suya ta ke zama kuɗi kafin gari ya waye.

Ba a san amfanin abu sai an rasa shi. A shekarar 2021 wannan yanki ya ga tashin hankali irin wanda ba a fatan maimaituwarsa. A ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. A watan Agusta aka auka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ran 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka katse wayar tarho, aka kuma hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke wajen Gusau. Ba mu ce an yi haka ba bisa dalili ba, gama rai ya fi dukiya. Amma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Murhun mai suya ya mutu, adashi ya tsaya, mahauci ya rasa mai saye, matafiyi ya kwana da yunwa. Daga baya an sake buɗe kasuwanni, amma darasin yana nan: hayaƙin tsire da dare alama ce ta garin da ke zaune lafiya, kuma rufe kasuwa magani ne mai ɗaci wanda majinyaci ba ya jure shansa kullum.

Yanzu bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, don gani ya kori ji. Mutanenmu sun san ƙasar Tailan ta wajen shinkafarta, wadda ta daɗe tana cika shagunanmu kafin a rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙasar ta yi suna a duniya da abincin bakin titi. A Bankok, babban birninsu, titin Yaowarat ya kan cika da masu suya da zarar dare ya yi, akwai kuma babbar kasuwar Chatuchak mai ci a ƙarshen mako. A birnin Chiang Mai a kan hana motoci bin waɗansu tituna da yammacin Asabar da Lahadi, a bar wa 'yan kasuwa da masu yawo a ƙafa. Abincin ba wani abin mamaki ba ne: taliyar shinkafa soyayya, da tsiren kaza, da shinkafa mai danƙo da mangwaro. Ma'aikaci ya ci, leburan gini ya ci, baƙon da ya ƙetaro teku da kuɗinsa shi ma ya bi layi ya ci. A watan Disamba 2017 littafin Michelin na Faransa, wanda ke auna darajar gidajen abinci, ya ba wata dattijuwa mai suya a kan gawayi, Jay Fai, lambar tauraro.

Ba sa'a ce ta kawo wannan ba. Ma'aikatar lafiyarsu ta daɗe tana duba masu abinci, tana ba wanda ya cika sharuɗɗan tsabta alama ya rataya a rumfarsa, don mai saye ya gani da idonsa. Su ma kuwa ba su rasa masu son kora ba. A 2017 hukumar birnin Bankok ta yi shelar za ta share masu abinci daga tituna, jama'a suka yi ca, har aka sassauta maganar a wurare kamar Yaowarat. Maƙwabtansu na Singafo sun bi wata hanya tun daga ƙarshen shekarun 1960: suka yi wa masu talla rajista, suka gina musu rumfuna masu famfo da magudanar ruwa, suka mai da su can. A watan Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tasu cikin abubuwan gadon ɗan Adam. Ba mu ce Mafara ta zama Bankok ba, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Abin ɗauka kaɗai shi ne, waɗannan mutane sun ga sana'ar talaka da lahaninta, suka gyara ta maimakon su kashe ta.

Lahani kuwa akwai shi a tamu, ba za mu ɓoye ba. Na fari, tsabta. Bokiti guda na ruwa a ke wanke kwano ɗari a cikinsa. A kan naɗe tsire a takardar da ba a san inda ta kwana ba. Man da ya yi baƙi a kan ƙara masa sabo a ci gaba da suya, kuma duhu ya kan rufa wa naman jiya asiri. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da suka ji jiki. Ta ruwa da abinci ta ke bi, araha kuwa ba ta da amfani in ƙarshenta gadon asibiti ne. Na biyu, tallar 'yan mata. Yarinyar da ta kai ƙarfe goma na dare ɗauke da tire a tasha ba za ta fahimci karatun safe ba, malamai su ne shaida, ban da haɗarin da ta ke ciki a tsakanin baƙin maza. Na uku, akwai masu cewa ɓarayin daji da masu kai musu rahoto suna saje da jama'a a irin wannan taro. Wannan magana ba a raina ta. Amma mugu ya fi son duhu da watsewar jama'a. Wurin da a ke da fitila, a ke da sunan kowane mai rumfa a rubuce, ya fi sauƙin tsarewa bisa ga lunguna ashirin da ba wanda ya san mai shiga da mai fita.

To, aikin wane ne? A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kowa ya san duba-gari, ya san Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa, ya kuma san naman da likitan dabbobi bai duba ba ba ya hawa tebur. An yi kuka da tsananinsu da cin hancin waɗansunsu, amma dai an san mai alhaki. Yau ma dokar ba ta bar abin a duhu ba. Tsarin mulki na 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da makewayin jama'a, da wuraren sayar da abinci. A ran 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka uzuri ya ƙare.

Ga abin da mu ke roƙo, ba kuwa mai yawa ba ne. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin ukun nan ta keɓe fili guda kusa da tasha, nesa da kwata da juji. A haƙa rijiyar burtsatse, a gina makewayi na maza da na mata, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana. A rubuta sunan kowane mai sana'a, malamin tsabta ya riƙa zagayawa da dare, ba da rana kaɗai ba, ya ba wanda ya tsabtace kayansa alamar da mai saye zai gani. A sa lokacin tashi, a kuma shawarci 'yan sanda da masu gadin unguwa a kansa. A ware rumfuna ga zawarawa da dattijai mata, su karɓi abincin matan gida su sayar a kan lada, yarinya ta kwanta da wuri. Kuɗin da aka karɓa kuma a liƙa lissafinsa a bangon ofis kowane wata. Muna fata Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun za su sa baki, gama maganar da ta fito daga fada ta fi takardar ofis saurin isa kunnen mahauci.

Ku kuma akawuna da malaman makaranta masu karanta wannan jarida, ku ne ke rubuta kasafin kuɗi, ku ne ke koya wa yara wanke hannu, kuma da yawanku da waina da shayin nan kuka yi gwagwarcinku. Kada sabo ya sa ku raina tukunyar da ta ciyar da ku. Rigakafi ya fi magani, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a sana'ar talaka. Amin.