Kaburburan Eyam da littafin da ya riƙe sunayen matattunsu

Yau za mu ɗauke ku zuwa nesa, wani ƙauye a lardin Derbyshire na ƙasar Ingila, wanda ake rubuta sunansa Eyam amma mutanensa ke furta shi "Im". Ƙauye ne na mahaƙa dalma da makiyayan tumaki, a tsakiyar duwatsu, kusa da birnin Sheffield. Sunansa ya yawaita a kunnuwa a shekarar 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gidajensu, domin 'yan jarida sun yi ta buga misali da shi. Mu dai aikinmu riƙon alƙalami ne a gaban dattijo. Saboda haka duk inda aka ce mana ana tunawa da wasu talakawa ɗaya bayan ɗaya, shekaru 350 bayan rasuwarsu, tambayar da ke fara zo mana ita ce, wa ya rubuta su?

Majami'ar ƙauyen, wadda ake kira St Lawrence, tsohon gini ne na dutse, wasu sassansa tun ƙarni na 13 da na 14, ko da yake an yi mata manyan gyare-gyare a ƙarni na 19. A harabarta akwai gicciyen dutse mai sassaƙa wanda ya girmi ginin kansa, masana na kai shi ga ƙarni na 8 ko na 9. A jikin bango akwai agogon rana na shekarar 1775, mai nuna lokaci da inuwa, irin yadda malamanmu na da ke auna azahar da la'asar. Akwai ma kabarin wani alƙalin wasan kurket, Harry Bagshaw, wanda ya rasu a 1927, an sassaƙa masa hannu da yatsa a ɗage sama, alamar da alƙalin wasa ke yi idan ya fitar da ɗan wasa daga fili. Turawa da raha, har bakin kushewa. Amma ba waɗannan ke kawo baƙi Eyam ba. Abin da ke kawo su watanni 14 ne, daga Satumbar 1665 zuwa farkon Nuwambar 1666.

A shekarar 1665 annoba ta cinye Landan, irin wadda ƙumar ɓera ke ɗauka, mai fitowa da zazzaɓi da kaluluwa. Yadda mutanen ƙauyen suka riƙe labarin, an aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, yaron shagonsa George Viccars ya kwance shi, ya tarar da danshi, ya shanya a gaban wuta. An binne Viccars ranar 7 ga Satumba. Daga nan ta shiga maƙwabta. Da sanyi ya kankama sai ta lafa, har aka fara sakin jiki, da zafi ya dawo a 1666 kuwa ta taso da ƙarfin da ya ninka na farko.

Limaman majami'a biyu ne a ƙauyen a lokacin, kuma ba su sha inuwa ɗaya a aƙida. William Mompesson, matashi wanda bai kai shekara 30 ba, shi ne mai riƙe da muƙami, ya zo a 1664. Thomas Stanley kuwa tsohon limamin ne, an raba shi da kujerarsa saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da hukuma ta wajabta a 1662, amma ya ci gaba da zama a garin, kuma zukatan mutane da yawa suna tare da shi. Ɗaya na da hatimi, ɗaya na da jama'a. Duk wanda ya taɓa zama a fadar mai unguwa ya san yadda irin wannan zama ke ƙarewa. Su dai suka ajiye saɓaninsu. A watan Yunin 1666 suka shawo kan jama'a a kan abubuwa uku. Kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, kusa da inda ya mutu. A rufe majami'a, a koma yin ibada a fili, a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Na ukun shi ne mai nauyi, kada kowa ya fita daga ƙauyen, kada kowa ya shigo.

Basaraken yankin, mai sarautar Devonshire da ke zaune a Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci, ana ajiyewa a bakin iyaka. Har yau akwai wani dutse a kan hanyar Stoney Middleton mai ramuka shida a kansa, inda aka ce suna zuba ruwan khal su jefa kuɗin cinikinsu a ciki, bisa zaton zai kashe cutar.

Mai karatun da ya zauna gaban malami ba zai ji wannan hukunci baƙo ba. Mun karanta yadda Sayyidina Umar ya juya daga Sargh da ya ji annoba ta sauka a Sham, bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da shi umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa da hana fita daga cikinta don gudu. Mun kuma san Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun rasu a annobar Amwas, shekara ta 18 bayan hijira. Abin da mutanen Eyam suka yi, mun san shi, mun san tsadarsa.

Tsadar kuwa, mutum 260 ne bisa ƙidayar da aka fi ambata, daga gidaje 76, wasu na kai lissafin 273. A watan Agustan 1666 kaɗai an binne fiye da 70. Na ƙarshe, Abraham Morten, ranar 1 ga Nuwamba.

To, a nan ne muke roƙon mai karatu ya dube su da idon magatakarda. Idan ka shiga harabar majami'ar kana neman kaburburan waɗannan mutane, kabari ɗaya ne zai tare ka, babba, ginanne da dutse, da rubutun Latin a kansa. Na Catherine Mompesson ne, matar limami, wadda ta ƙi tafiya ta bar mijinta, ta rasu a ƙarshen Agustan 1666 tana da shekara 27. Kowace shekara, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, jama'a na yin jerin gwano zuwa Cucklett Delf don addu'ar tunawa, ana kuma ɗora jajayen furannin wardi a kan kabarinta. Ba mu ƙi mata wannan ba, ta cancanta. Sai dai dokar da mijinta ya kafa ita ce a binne kowa a bayan gidansa ko gonarsa, ita kuwa aka sa ta a harabar majami'a. Dutse ya san matar liman.

Sauran fa? Kaɗan ne suka samu dutse. A bayan gari, kan wani tudu da ake kira Riley, akwai 'yan duwatsu a cikin kewayen katanga. Iyalin Hancock ne. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida tsakanin 3 da 10 ga Agusta, biyu a rana ta farko, uku a ranar 7, ɗaya a ranar 9, ɗaya a ranar 10. An ce mutanen Stoney Middleton na hango ta daga tudun da ke fuskantarta tana jan gawa, ba mai iya matsowa. Akwai kuma kaburbura biyu a Lydgate, George Darby da 'yarsa Mary. Ban da irin waɗannan 'yan tsiraru, galibin mutum 260 ɗin ƙasa ta shafe wurarensu, an yi noma a kai, tumaki sun yi kiwo.

Amma sunayensu na nan. Tun shekarar 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowace majami'a a Ingila ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa wankan baftisma, duk auren da aka ɗaura, duk gawar da aka binne. Umarni ne na mulki, ba don tausayin talaka aka yi shi ba. Sai ga shi a Eyam, a watannin da aka rufe ƙofar majami'a, aka daina jana'iza, aka daina haƙa kabari a maƙabarta, ba a daina rubutu ba. Kwanakin da muka lissafa muku na gidan Hancock, daga wannan littafi suka fito. A cikinsa matar liman layi ɗaya ta samu, jaririn mahaƙin dalma ma layi ɗaya. Yau an kwafe sunayen an ajiye a cikin majami'ar, an kuma kafa alluna a ƙofar gidajen da suka mutu, kowane gida da jerin mutanensa. Tagar gilashi mai launi da aka saka a 1985 don tunawa da su kyakkyawa ce, amma mai zanen ya samu abin zanawa ne saboda wani ya zauna da alƙalami a ranakun da ake binne mutum biyar ko shida.

Wani amfanin littafin kuma, wanda masu son labari mai daɗi ba su cika so ba, shi ne yana taka wa baki birki. Yawancin abin da ake ba baƙi labari a Eyam ya biyo ta hannun William Wood, ɗan garin da ya wallafa tarihinsa a 1842, shekaru 176 bayan abin ya wuce, daga bakin jikoki da tattaɓa kunne. A wurinsa ne labarai irin na masoyan nan biyu da ke hangen juna daga nesa suka yi ƙiba. Shi ne kuma ya yaɗa cewa mutanen garin kusan 350 ne, wato saura kaɗan a ƙare. Masu binciken baya da suka bi littafin majami'a da takardun haraji sun ga adadin ya fi kusa da 800. Mutum ɗaya cikin uku ke nan, kuma wannan ma ya isa musiba, ba ya buƙatar ƙari. Sun kuma tuna mana cewa wasu masu hali sun fice kafin a rufe gari, shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu waje. Har akwai masu ganin kullen ya ƙara yawan mutuwa a cikin ƙauyen, ko da ya tsare maƙwabta. Wannan bai rage darajar waɗanda suka zauna ba a idonmu. Ya dai nuna mana su wane ne suka zauna, wato waɗanda ba su da wurin zuwa, da 'yan kaɗan da ke da wurin zuwa suka ƙi.

Abin da ya sa muka tsawaita a kan ƙauyen da ba namu ba shi ne, wannan cuta da kanta ta taɓa sauka a kanmu. Ta faɗa Akra a 1908, ta faɗa Kumasi a 1924, kuma zango na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, har hukumar Turawa ta rushe gidaje ta gina sabuwar unguwa. Shekara ɗari ke nan, kwatankwacin jiya idan aka gwada da 1666. Mun duba takardun da ke hannunmu, na gado da na filaye da wasiƙun sarauta, ba mu samu sunan mutum ɗaya da aka ce wannan annoba ce ta ɗauke shi ba. Kakanninmu baƙi ne, fatake da 'yan ƙodago da almajirai, da yawa sun mutu ba dangi a kusa. Wanda ya san su ya bi su.

Muna sane da abin da wani zai ce, cewa mu ba a san mu da gini a kan kabari ba, kuma haka ne, hani ya tabbata, ba ma kira ga saɓa shi. Kabarin Catherine Mompesson ba abin koyi ba ne a gare mu. Sai dai hanin bai shafi takarda ba. Annabi da kansa ya ajiye dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Malaman Musulunci kuma sun cika ɗakunan karatu da littattafan wafati, irin na Ibn Khallikan, suna bin shekara da wata da rana. Iyakar abin, su manyan mutane suka rubuta. Abin da limamin ƙauyen Ingila ya yi wanda ya ba mu kunya shi ne ya rubuta kowa.

Kwanakin baya wani saurayi ya zo zauren dattijonmu yana neman shekarar rasuwar kakansa, saboda wata rigimar fili. Aka tara tsofaffi huɗu, aka samu shekaru uku mabambanta, ɗaya ya ce shekarar da aka canja kuɗi, ɗaya ya ce bayanta da damina biyu. Aka aika maƙabarta, masu haƙa suka ce sashen nan an sake binnewa a kai tun tuni. Yaron ya tashi bai samu komai ba, mu da ke riƙe da alƙalami muka sunkuyar da kai.

Washegari muka sayi babban littafi mai bangon kwali, muka ja layuka biyar, suna, sunan uba, garin asali, ranar rasuwa da lissafin hijira da na boko, da sashen maƙabartar da aka sa shi. Dattijo ya amince a riƙa turo mana daga masallatan unguwa bayan kowace jana'iza, har jinjirin da bai kai suna ba, a rubuta shi da sunan uwarsa. Wasu limaman sun fara aikowa, wasu sun ce za su duba. Mun kuma ware shafuka a baya don na da, waɗanda tsofaffi ke iya tunawa. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su a wannan mako da takarda, ya kawo mana abin da ya samu ranar Juma'a bayan an sauko.