Lambar Haya Ba Taka Ba Ce

Wasiƙu da dama sun iso mana daga Kaugama da Malam Madori, kusan duka a kan tambaya ɗaya: shin ya dace mutum ya sayi "lambar waje" da samari ke talla a rumfunan cajin waya, don karɓar saƙon tabbatarwa na WhatsApp ko Telegram? To, ga ra'ayinmu.

Da farko dai jama'a su san abin da suke saye. Wannan lamba ba ta da katin SIM. Tana zaune ne a kwamfutar wani kamfani, galibi a Amurka ko Ingila, ana ba da hayarta na 'yan mintoci ko na wata guda. In WhatsApp ya aiko da lambobin nan shida, can suke sauka, sannan a miƙo maka. Da wa'adi ya cika sai ta koma hannun mai ita, shi kuma ya ba wani. Wanda ya gaje ta, in ya nemi saƙon tabbatarwa shi za a aika wa, kai kuwa a fitar da kai. Na kyauta ma sun fi muni, don kuwa saƙon a fili yake fitowa, duk wanda ya leƙa shafin zai gani.

Ba mu ce jama'a ba su da uzuri ba. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce sai an haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira, sannan hukumar NCC ta ba da wa'adin ƙarshe a Satumba 2024. Manomin fadama da ambaliyar 2022 ta cinye masa shinkafa da takardu, in yaro ya ce da shi kawo 'yan kuɗi kaɗan na buɗe maka yanzu, ai ba zai tsaya dogon bincike ba.

Amma a dubi ɗan kasuwar da ke sayen riɗi da zoɓo a ƙauyuka yana aikawa Kano. Iyayen gidansa da wannan WhatsApp suka san shi. Ranar da wani ya shige masa, da sunansa zai aika wa mutane lambar asusu ya ce a turo kuɗi. Kuɗi ya tafi, amanar shekaru ta bi shi, kuma ba ofishin da zai je a Haɗeja ya ce a mayar masa da lambar da tun asali ba tasa ba ce.

Wanda zai yi rajista a shafin da ba zai koma ba, don gudun saƙonnin talla, wannan da sauƙi. Banda banki, banda duk abin da ya shafi BVN ko ciniki. Layinka na gida ma a riƙa sa masa kati, domin in ya daɗe a ajiye kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. A kuma sa lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp.

Muna roƙon hukumar NIMC da ƙaramar hukumar Kaugama su riƙa kai na'urar rajista kasuwannin ƙauye ran cin kasuwa, musamman da rani, kafin ruwa ya yanke hanyoyi.