Alƙali Ya Yanke Hukunci, Sai Kuma Me?

Da yawanmu mun ɗauka cewa da zarar alƙali ya yanke hukunci, magana ta ƙare, sai dai wanda ya sha kaye ya rungumi ƙaddara. A shari'ar da ba ta aikata laifi ba, wato irin ta bashi, fili, haya ko kwangila, doka ta bar wasu ƙofofi a buɗe. Sai dai kowace ƙofa tana da lokacin rufewa.

Gaskiya ne alƙalin da ya yanke hukunci ba shi da ikon komawa ya sake shawara don kawai wani bai ji daɗi ba. Abin da zai iya shi ne gyara tuntuɓen alƙalami, kamar kuskuren suna ko na lissafi. To, mene ne ya rage?

Na farko shi ne roƙon soke hukunci. A ce an kai ƙarar wani ɗan kasuwa kan bashin naira miliyan 2, sammaci bai taɓa isa hannunsa ba, sai kawai ya ji an yanke masa hukunci a bayan idonsa. Yana iya komawa wannan kotu ya roƙi a soke hukuncin, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Idan kuwa sammacin ya same shi amma bai je ba, sai ya kawo ƙwaƙƙwaran uzuri, ya nuna yana da abin da zai kare kansa da shi, kuma ya hanzarta.

Na biyu shi ne ɗaukaka ƙara. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu ba yana da wata 3 ya shigar da takardarsa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan ƙaramin hukunci ne da aka yi ana tsakiyar shari'a, kwana 14 kawai yake da su. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci, ya bayyana dalilin jinkirinsa, kuma ba dole ne a ba shi ba. Daga nan sai Kotun Ƙoli, wadda daga ita babu gaba.

Na uku shi ne wurin da mutane suka fi yin asara. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta hana a zartar da hukunci. Mutum na can yana jiran ranar zama, ma'aikatan kotu na iya zuwa su kwashe kayansa a yi gwanjonsu, ko a fitar da iyalinsa daga gidan da ake rikici a kai. Don haka sai ya shigar da roƙo na daban, na dakatar da zartar da hukuncin. Tun a 1972, a shari'ar Vaswani da Savalakh, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba a hana wanda ya yi nasara cin moriyar nasararsa sai da dalili na musamman, kamar idan abin da ake jayayya a kai zai salwanta kafin a gama sauraron ƙarar. Gidan da aka rushe, ai nasarar baya ba ta tayar da shi.

Wanda ya amince da hukuncin amma ba shi da kuɗin a dunƙule, yana iya roƙon a bar shi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Shi ma wanda ya yi nasara yana da nasa roƙon: idan an ƙi biyansa, yana iya neman kotu ta umarci bankin da wanda ake bi bashi ke ajiya a ciki ya biya shi daga asusun.

Me ya shafe mu da wannan, mu da ke fama da jarrabawa? A gidaje da yawa, mu ne ake miƙo wa takarda a ce mu karanta. Idan takardar kotu ce, mu fara duba kwanan watan da ke jiki, mu faɗa wa iyayenmu cewa lokaci ya fara tafiya, a nemi lauya tun da wuri. Kada a tura ta ƙarƙashin katifa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.