Mahaifinka ɗan ci-rani: ka tambaye shi tarihinsa tun yana raye



Duk wanda ya saba halartar jana'iza a garin Tawa ya san sanarwar da ake yi: dattijo ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya sami iyalinsa. Sanarwa ce mai kyau, amma a duba su wane ne ke jin ta. Mutanen unguwa ne, alhali sau da yawa mamacin ya yi rabin rayuwarsa a Abijan, ko Ikko, ko Sabha. Waɗanda suke bin sa da waɗanda yake bi suna can nesa, ƴaƴansa kuma ko sunayensu ba su taɓa ji ba.

Mu Adarawa mun haddace salsalar sarakuna da ta malamai, muna iya lissafo su kaka da kakanni. Amma mutumin da ya ciyar da gida da dako, ko ga-ruwa, ko gadi, ko teburin shayi, ba ma ganin yana da tarihin da ya cancanci a tsare. A ganina wannan sakaci ne, kuma sakacin da yake taɓa haƙƙin mutane.

A ɗauki misalin mutumin da aka haifa a tsakiyar shekarun 1950 a wani ƙauye na Keita ko Barmu. Yana saurayi farin 1973 ya cinye dabbobin gidansu, ya kama hanyar Najeriya. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, ya dawo da abin da ya iya ɗauka a ka. Shekara ta zagayo aka shiga yunwar 1984, wadda mutane suka raɗa wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin. A shekarar ce aka soma aikin raya ƙasar Keita da tallafin Italiya, kuma da yake maza sun watse neman abinci, mata ne suka fi yawa wurin ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa ana biyan su da abinci. Shi kuwa ya nufi Kodebuwa. Yana can aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, yana can rikicin 2002 ya ɓarke. Wataƙila daga baya ya gwada Libiya, yaƙin 2011 ya koro shi cikin dubban da suka dawo jihar Tawa hannu rabbana. Kusan kowane sahun salla a masallatanmu akwai irin wannan dattijo, yana zaune da carbinsa, ba wanda ya taɓa cewa ya ba shi labari.

A cikin waɗannan shekaru kusan arba'in, sau nawa ya karɓi kuɗin mota a hannun wani da alkawarin biya in ya samu? Wa ya ba shi ajiyar kuɗi ya kai gida, hanya ta ci su? Wace gona ya jinginar a shekarar yunwa, a kan dami nawa, a gaban su wa? Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Wasu sun yi aure a can, sun haihu, ba su faɗa a gida ba. Ɗan da aka haifa ta halal a Ajame yana da rabonsa a gonar Adar daidai da ɗan da aka haifa a ɗakin uwargida. In an raba gado ba da shi ba, an ci haƙƙinsa ko da bisa rashin sani ne, kuma gyaran yana da wuya bayan an sayar ko an gina.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, an maimaita cewa rabon gado yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke nuna ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa sada zumunci da aminan uba yana cikin mafificiyar biyayya ga iyaye. To, yaya ɗa zai biya bashin da bai san da shi ba, ko ya ziyarci aminin da bai taɓa jin sunansa ba?

Za a ce akwai kunya, musamman tsakanin uba da ɗan fari, kuma dattijo ba ya son a tuna masa da kwanan tasha da wulaƙancin iyakoki. Gaskiya ne, kuma ba a ce a tsare shi da tambaya kamar mai laifi ba. In ɗan fari ba zai iya ba, jika zai iya, domin wasan kaka da jika yana buɗe bakin da kunya ta rufe. In maganar ta shafi sirri, a bar shi ya gaya wa limamin unguwa ko amininsa, a rubuta a gaban shaidu biyu. Abin da ya aikata na kuskure tsakaninsa da Ubangijinsa kuwa ba a tone shi, balle a yaɗa shi a wayoyi. Haƙƙin mutane kaɗai ake nema.

Tambayoyin ba su da yawa: garuruwan da ya zauna da shekarunsu, maigidan da ya sauke shi a kowane zango, abin da ake bin sa da abin da yake bi, iyakokin gonaki da dattawan da suka san su. Wayar da kake karanta wannan saƙo da ita tana ɗaukar murya, amma a kwafe maganar a takarda, don waya tana ɓata. Wanda mahaifinsa ya yi aikin albashi, kamar a ma'adinan Arlit inda kamfanin COMINAK ya rufe a 2021, ya nemi takardun aikinsa da lambarsa ta CNSS ya adana, domin da su matar mamaci da marayu suke neman haƙƙinsu.

Wanda mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya, ya nemi abokan tafiyarsa. Mutanen Adar ba su cika tafiya su kaɗai ba. Ƴan ƙauye ɗaya sukan sauka gida ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, don haka akwai wanda ya san abin da ya gudana. Su ma ɗin sun haura saba'in, a je musu kafin rani ya sake kwashe matasan da za su rubuta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sauke musu nauyin da ke kansu. Wassalamu alaikum.