Alƙawarin kare halittu: Abuja ke sa hannu, dazukan kuwa suna hannun gwamnoni

Tun shekarar 1994 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare nau'o'in halittu, wadda aka ƙulla a birnin Rio a 1992. Daga wancan lokaci ƙasar ba ta rasa takardu ba. An rubuta tsarin ƙasa, an sabunta shi domin shekarun 2016 zuwa 2020, an kuma aika da rahotanni. A watan Disamban 2022 ta sake shiga sahun ƙasashen da suka amince da sabon tsarin Kunming da Montreal mai manufofi 23, wanda mafi shahara cikinsu ita ce a killace kashi 30 cikin ɗari na tudu da ruwa kafin 2030. Sai dai wannan alƙawari zai bi sahun na baya matuƙar ba a warware wata matsala da aka daɗe ana kauce mata ba: gwamnatin tarayya ce ke sa hannu, amma filayen da za a kare ba nata ba ne.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Mafi yawan dazukan da aka keɓe tun zamanin Turawa suna ƙarƙashin ma'aikatun jihohi, kuma jihohi da dama na kallon su a matsayin hanyar samun kuɗin shiga ta lasisin sarar itace, ko filin da za a yanka wa manoma da masu zuba jari. Abin da tarayya ke riƙe da shi kai tsaye shi ne gandun daji na ƙasa, irin su Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji da Kamuku da Okomu da Kuros Riba. Ko da an haɗa su wuri guda, ba su kai ko kusa da kashi 30 ba.

Labarin madobiya ya isa misali. A shekarun da kasuwar wannan itace ta yi tashe a ƙasar Sin, an kwashe shi daga dazukan Taraba da maƙwabtanta tirela bayan tirela, har hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. A lokacin ana tsakiyar wa'adin tsarin ƙasa na 2016 zuwa 2020. Tsarin bai hana sare ko bishiya ɗaya ba, domin masu bayar da izinin saran ba su da wani abin da ya ɗaure su da shi.

Haka batun yake a dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai ke sauka, kuma dubban masunta da makiyaya da manoman shinkafa ke cin abinci. Tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke raya fadamar ta ragu, kachala ta toshe magudanai. Ruwan da ake saki daga waɗannan madatsai ba Ma'aikatar Muhalli ke iko da shi ba. Tsarin da bai zaunar da hukumomin ruwa da jihohin Kano da Jigawa da Yobe a teburi guda ba, ba zai dawo da fadamar ba.

Masu kare gwamnati za su ce an yi motsi, kuma da gaskiyarsu. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mayar da wurare goma gandun daji na ƙasa, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Pandam a Filato. A Janairun 2024 an niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi a Abuja, bayan an ƙona ɓawon ɗankunya da aka kama a hannun masu fasa-ƙwauri. Waɗannan matakai ne na a yaba. Amma sauya wa daji suna ba ya kawo masu gadi, kuma inda babu masu gadi wasu ne ke cike gurbin. Sambisa wurin kiwon namun daji ne kafin ya zama abin da aka san shi da shi a yau. Kamuku da dajin Kainji ma sun zama mafakar 'yan bindiga. Duk kuɗin da aka hana jami'in gandun daji, ana biyan ninkinsa daga baya a kasafin tsaro.

Nan ne aikin ya dawo kan ma'aikatan tarayya da mataimakan masu riƙe da muƙamai, domin ta hannunsu takardu ke wucewa. Ya kamata kowace manufa a tsarin ƙasa ta zo da sunan jihar da za ta aiwatar da ita, da faɗin filin da aka ɗauki alƙawarinsa, da layinta a kasafin kuɗi. Ya kamata a ɗaure wani kaso na Asusun Kula da Muhalli da sharaɗin jiha ta nuna dajin da ta shata wa iyaka, ta kuma sa masa masu gadi. Sarakuna da al'ummomin da ke zaune a gefen dazukan su ma sai an ba su rabo bayyananne daga amfanin wurin, domin wanda aka kora daga daji ba tare da madadi ba, da dare zai koma.

Ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin tallafin dala biliyan 30 a kowace shekara kafin 2030, kuma Najeriya na da haƙƙin neman kasonta. Masu bayarwa kuwa za su tambayi hekta nawa ke ƙarƙashin kulawa ta haƙiƙa. Amsar wannan tambaya tana ofisoshin gwamnoni 36, saboda haka ya dace Ma'aikatar Muhalli ta kai batun gaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda dukkansu ke zama.