Mai gona a bakin tabki, ka bar wa ruwa rigarsa



A nan ƙasar Dakoro ba mu da kogi mai gudu rani da damina. Daminarmu gajera ce, rijiyoyinmu kuma masu zurfi ne. Idan ruwan sama ya ɗauke, tabki ne ke rufa mana asiri. Daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga kwarin Tarka zuwa Akadane a wajen Bermo, kowa ya san darajarsa. A nan bisashe ke sha. A nan mata ke wanki. A nan ake noman rani, ake bugun tubali. Amma a wurare da dama tabkin da ke kai wa bazara a da, yanzu tun cikin ɗari yake ƙafewa. Mutane na cewa ƙarancin ruwan sama ne. Akwai wannan. Sai dai akwai wani dalili da ke hannunmu: mun tuɓe wa tabki rigarsa. Ra'ayina shi ne, duk mai gona a bakin tabki ya kamata ya ja da baya, ya bar wa ruwa fili mai ciyawa da itace, ko da zai rage masa damman hatsi.

Mece ce rigar tabki?

Rigar tabki ita ce ciyawa da itatuwan da ke kewaye da shi: gamba da jema, bagaruwa da giyayya, sabara da kalgo, magarya da goriba. Aikinsu uku ne.

Na farko, saiwoyinsu na riƙe ƙasa, gaɓa ba ta zubewa. Na biyu, idan ruwa ya gangaro daga tudu ɗauke da rairayi, ciyawa na rage masa gudu. Rairayin ya tsaya a waje, ruwan ya shiga tabki a tace, kamar yadda rariya ke tace gasara. Na uku, itatuwa na kare iska. Iskar hunturu ba ta kwaso yashi ta zuba a ciki, kuma ba ta shanye ruwan da sauri.

To, idan mai gona ya sassabe wannan riga, ya kai hauya har bakin ruwa, kowane ruwan sama zai kwashi ƙasar gonarsa ya kai cikin tabki. Tabki kamar ƙwarya ne. Idan ka zuba yashi cikin ƙwarya, ruwan da za ta ɗauka ya ragu. Tabkin da ya cike yakan yi faɗi ba zurfi, ruwa marar zurfi kuwa rana ba ta daɗewa ba ta shanye shi ba. Asara biyu ke nan: gona ta rasa ƙasarta mai kyau, tabki ya rasa zurfinsa.

Mu dubi Madarunfa, kudu da Maradi. Tabkinta shi ne mafi suna a jiharmu. Masunta na ci da shi, masu lambu na ci da shi, tsuntsaye na zuwa masa daga nesa. A shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin wurare masu dausayi na duniya da ake kira Ramsar. Duk da girmansa, cikewa da yashi na cikin abubuwan da ke yi masa barazana. Idan yashi na tsorata Madarunfa, ina ga ƙaramin tabkin ƙauyenmu? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bakin tabki da lafiyarmu

Ba yashi kaɗai ke gangarowa ba. Takin zamani da maganin ƙwarin da aka zuba dab da ruwa su ma ciki suke ƙarewa. Taki na sa ruwa ya yi kore, ya yi ɗoyi, kacalla ta samu abinci ta mamaye wuri. Maganin ƙwari na kashe kifi, yana kuma cutar da dabba da mutum. Wanke tulun feshi a tabki zuba guba ne a randar gari.

Sai tsargiya, wato fitsarin jini. Ga yadda take yawo. Mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen cutar su fita. Su ƙyanƙyashe, su shiga jikin ƙananan katantanwa, su yi yawa a can. Daga nan su fito, su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Yara masu wanka su ne suka fi kamuwa. Akwai magani a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu. Amma muddin bakin tabki ya zama makewayi, yaron da aka warkar zai sāke kamuwa.

Kada mu ce wannan ya fi ƙarfinmu. Dattawa na tuna kurkunu, wanda ke kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina. Da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tabki aka ci ƙarfinsa. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da shi.

Abin da masu gona ke cewa

Wani zai ce: “Ƙasar bakin ruwa ita ce mafi albarka a gonata. Na gāje ta. Don me zan bar ta?” Maganarsa na da nauyi, musamman ga mai iyali da yawa. Amma mu yi lissafi. Idan gonarka ta yi mita 100 a gefen ruwa, ka bar mita 25, abin da ka bari kwatan hekta ne. Kuma ba a banza ka bar shi ba. Gamba na ba ka zana da jinka. Bagaruwa na ba ka ƴaƴan da majema ke saye. Goriba na ba ka kaba. Magarya na ba yara abin tsotsa. Ciyawar da ka yanka da lauje, ba tare da tuge saiwarta ba, ta zama harawar bazara. Albarkar da kake yabo kuwa daga laimar tabki take. Ranar da tabki ya mutu, gonarka za ta koma jigawa kamar ta kowa.

Mita 25 ɗin nan ba ni na ƙago shi ba. Dokar ruwa ta ranar 2 ga Maris 1993 ta lissafa tabkuna cikin dukiyar jama'a, ta haɗa da mita 25 daga inda ruwa ke kai wa idan ya cika. An sabunta dokar a 2010, kuma tabki na nan a matsayin dukiyar kowa. Gona taka ce, ruwa na gari ne.

Wani kuma zai ce: “Ciyawa na tara sauro da katantanwa.” A nan sai mu bambanta. Rigar da nake nufi a tudu take, bisa gaɓa. Ciyawar cikin ruwa da ke mashigar mutane ita ce maɓoyar katantanwa, ita kam a cire ta. Wani bincike da aka yi a arewacin Senegal, aka buga a 2023, ya nuna cewa cire irin wannan ciyawa a mashigar ruwa ya rage kamuwar yara da cutar, ciyawar kuma ta zama taki da abincin dabbobi. Sauro kuwa ya fi son ƙananan kududdufai, irin ramukan tubalin da muke bari a bakin tabki.

Kada shinge ya toshe burtali

Barin riga ba ya nufin hana bisashe sha. Makiyayi na da haƙƙin kai garkensa ga ruwa, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar masa da haka. Lambun da ya zagaye tabki ya rufe hanya, rigima yake shukawa. Ba mu manta da Toda ba, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991. Maganin abin shi ne a ware mashaya sananniya, a bar burtali a buɗe. Ta haka kofato ba zai tattake gaɓa duka ba.

Abin da za mu yi tun bana

1. Mu sa alama inda ruwa ke kai wa a watan Agusta. Daga nan mu auna taki 30 zuwa 35 na babban mutum. Kada hauya ta wuce.

2. Mu bar kututture su toho, mu rage rassan, mu raini masu ƙarfi. Wannan shi ne sassaben zamani da ya faro a jihar Maradi tun 1983, ya maido da miliyoyin itatuwa a gonakin Nijar ba tare da dashe ba.

3. Inda ƙasa ta yi sanƙo, mu dasa gamba da jema a jere, a gicciye da gangaren ruwa. Mu tare bakin ƙorama da rassa da kara tun ba ta faɗaɗa ba.

4. Masu tubali su ɗebi laka daga cikin tabki idan ya ƙafe, ba daga gaɓa ba. Haka za su ƙara masa zurfi.

5. Mu ware wurin ɗibar ruwa, wurin wanki, da mashayar dabbobi. Salga da juji su yi nesa. Ruwan tabki kuwa a tace shi, a tafasa ko a sa masa magani kafin a sha.

6. Mu zauna da maigari, da ardo, da wakilan mata, da hukumar filaye ta Kofo, da ma'aikatan gandun daji. A rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum tara suka ja da baya, na goma ya nome har bakin ruwa, ta gonarsa yashi zai shiga. Don haka kada mu jira wani shiri ya zo da mota da kuɗi ya yashe mana tabki. Yashewa na da tsada, kuma idan gaɓa na nan tsirara, cikewa zai sāke yi. Rigakafi ya fi magani. Mai gona a bakin ruwa amana ce a hannunsa: ta yaron da ke wanka, ta matar da ke ɗibar ruwa, ta garken da ya kwana yana tafiya. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, ya ba mu damina mai albarka.